Keken Baba Ishaku

Jama'a, yau na yi kuka a cikin keke napep, a gaban mutane!

Daga kasuwar Gamboru na tare keke zuwa Ajilari. Ina shiga na ga sitika biyu a gilashi: "Yesu Mai Ceto", a gefenta "Masha Allah". Nan take na gane shi. Keken Baba Ishaku ne, dattijon Kiristan nan da ke kai yarana Islamiyya! Ta biyun ma 'yata Falmata ce ta manna, ya yi dariya ya bar ta.

Sati biyu bai zo ɗaukarsu ba. Don haushi har saƙon faɗa na tura masa.

Yau kuma wani ne ke tuƙi, da carbi a wuya.

Wani fasinja ya nuna sitikar Yesu ya ce, "Malam, kana Musulmi kake yawo da wannan? Ɓare ta mana!"

Direban ya taka birki. Ya ce, "Maƙwabcina ne ya manna da hannunsa. Ranar Asabar muka binne shi. Iyalinsa nake tuƙa wa. In ta dame ka, sauka."

Innalillahi! Na buɗe wayata. Saƙona yana nan, bai ma karanta ba: "Baba, wallahi ba ka kyauta ba."