Ƙwallayen Tsamiyar Ƙofar Gidanmu

A shekarar da gwaggona ta zo aikin hajji, ina dako a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Ni da maiɗakina muna zaune a ɗaki guda a saman wani tsohon bene, bayan Bab Makka a Jidda. Da aka sauko daga Arfa, Gwaggo ta ɗan kwana biyu a wurinmu kafin jirginsu ya tashi.

Wata safiya bayan mun sha shayi, ta kwance wani ƙulli a bakin mayafinta, ta zazzage mini ƙwallayen tsamiya a tafin hannu.

Ta ce, "Ɗan nan, an sare tsamiyar ƙofar gidanku, titi ya bi ta wajen. Waɗannan na tsinta a gindinta. Babu saura."

A inuwar tsamiyar nan mahaifina yake tufka igiya, nan kuma aka yi masa salla ranar da ya rasu. Yanzu abin da ya rage nata bai cika hannuna ba.

Da na baza su a faranti sai na ga ba su yi kama da juna ba. Akwai manya masu sheƙi, akwai ƙanana, wani a karkace, wani a latse kamar an take shi, wani baƙi wuluk, wani ja-ja.

Na ce, "Gwaggo, anya duk na bishiya ɗaya ne?"

Ta ce, "Kai da yayanka kama kuke? Shi dogo, kai ga ka nan kamar turmi. Uwarsu ɗaya."

Maiɗakina ta yi dariya har ta ƙware da shayi.

Ni ɗan manomi ne. A gidanmu zangarniyar da ta fi cika ita ake ware wa iri, sauran a kai rumbu. Don haka na zaɓi manyan ƙwallayen, na huda gwangwanayen madara, na roƙo ƙasa wajen wani mutumin Yaman mai sayar da shuke-shuke, na shuka. A lokacin na fara koyon karatun boko wurin wani malami ɗan ƙasarmu, sai na rubuta "tsamiya" a jikin kowane gwangwani da ƙusa. Ƙananan kuwa na bar su a farantin a kan taga.

Kullum kafin in fita aiki sai na ba su ruwa, in na dawo in tsuguna in duba. Wata ya wuce, ƙasa shiru.

Maiɗakina ta ce, "Malam, wannan gonar taka yaushe za a yi girbi? In tanadi buhuna?"

Na ce, "Ki dai tanada."

Amma raina ya fara ɓaci. Na tona gwangwani ɗaya, na tarar ƙwallon ya ruɓe. Na tona wani, shi kuma yana nan da taurinsa kamar tsakuwa, ko kumbura bai yi ba. Na mayar da shi na rufe. Sai na tuna da na kan taga. Na je, faranti wayam.

"Ina ƙwallayen da ke nan?"

"Waɗanda ka raina? Na zuba su cikin na'ana'ata. Farantina nake so."

Tana da wani tsohon baho da ta shuka na'ana'a a ciki, a ƙarƙashin mukayyif ɗin maƙwabcinmu mai sanyaya ɗaki, inda ruwan na'urar yake ɗiga dare da rana. Na ɗaga ganyen a hankali. Ga tsiro nan guda biyu, sun sunkuyar da kai, ɗaya har da ɓawon ƙwallon a kansa kamar hula.

Daga nan suka riƙa fitowa, kowanne da ranarsa. Wani ya fito da sauri ya yi tsawo siriri, wani gajere mai kauri. Can bayan na fid da rai, babban nan da na mayar cikin gwangwani shi ma ya tsaga ƙasa. Maiɗakina ta raba su duka cikin gwangwanaye, ta jera a jikin bango.

Zafin Jidda bai bar mana su ba. Iskar teku mai gishiri ta ƙone wasu, wasu suka bushe a makon da motar ruwa ba ta shigo unguwa ba. Muna sauke su ƙarƙashin matakala da rana, mu hau da su da yamma. Duk da haka ɗaya ce ta rayu.

Na tambaye ta ko ta babban ƙwallon ce ko ta ƙananan. Ta ce, "Wallahi ban sani ba, Malam, na cakuɗa su. Halas, shi ke nan, ba ga tsamiyarka ba?"

Da saiwarta ta fasa gwangwanin, na nemi izinin limamin wani ƙaramin masallaci da ke hanyar sito, na dasa ta kusa da wurin alwala. Ba ta da sauri, har yau kaɗan ta fi ni tsawo. Amma da magariba takan naɗe ganyenta kamar yadda ta ƙofar gidanmu take yi, ni kuma nakan ɗan tsaya a gefenta kafin a ta da salla.