Wadda Aka Ba Ƙanzo

Tun ranar da na haifi Nana nake tsoron wani babba ya ce ta shiga ransa. Shekararta shida yanzu, kuma an faɗa. Maigidana yana tuƙa kamyon, wato babbar motar kaya, ta wani Alhaji mai gidan gona can gaba da garin Ntoum, a ƙasar nan da muka zo nema, ƙaton gida, rogo da ayaba ko ta ina, mutanen ƙauyukan gefe duk a gonarsa suke aiki. Hajiyarsa ta ga Nana wajen suna a nan unguwarmu Nkembo, ta ce a ba ta riƙo. Maigida ya ce alheri ne, kuma ba a ce wa mai ba ka aiki a'a.

Ni kuwa Kaka na tuna.

A ƙauyenmu, wajen Tasawa, bayan isha'i muke zagaye murhunta, tana gasa gyaɗa, tana zaginmu cikin wasa. Ni “mai kunnen zomo” take ce mini. Tafiyar rabin yini daga wurinmu akwai gidan Maigandu, rumbunansa sun fi bukkokinmu yawa. Muna son tatsuniyoyin Kaka duka, ban da ɗaya.

Wai wata yarinya aka kai babban gida. Ita ce daka, ita ce jan ruwa, ita ce korar tsuntsaye daga gero. Ran nan kewar uwarta ta kama ta, ta tsallake shinge. Tana taka iyakar gona sai ƙafafunta suka nutse suka zama saiwa, hannuwanta suka zama rassa. Ta zama gawo. Uwarta ta zo neman itace, ba ta gane ta ba, ta sare reshe ɗaya ta tuƙa tuwo da shi.

“Wanda ya ci tuwon babban gida ba ya waiwaye,” in ji Kaka, tana dariya. “Kun ji ko, 'yan banza?”

Sau uku na ji ta yi wannan tatsuniya. Na lura duk ranar sai ta kankare ƙanzon tukunya ta ba yaro ɗaya, ta ɗora shi a cinya. Da safe amalanken Maigandu ya zo ya ɗauke shi. Ta ukun yayata ce, Dije.

Bayan shekara biyu muka bi ta can da Inna. Muka hangi Dije a bakin rijiya, ta rame, kanta ba kitso. Ba kowa kusa. Inna ta tsaya daga hanya tana kiranta da hannu, ta zo mu tafi. Dije ta tako har iyakar gona, ta dubi ƙafafunta, ta fashe da kuka, ta koma. Rabona da ita ke nan.

Da can na ɗauka tatsuniya ce kawai. Sai da na girma na gane Kaka ta san igiya tana tsinkewa, tsoro ba ya tsinkewa.

Shekaranjiya ana ruwa, na tsinci kaina ina kankare tukunyar shinkafa, Nana a cinyata tana cewa, “Inna, yi mini tatsuniya.” Har na buɗe baki. Sai na cinye ƙanzon da kaina, na ce mata na manta.

Ranar Juma'a motar Hajiya za ta zo. Na gaya wa maigida Nana ba za ta ba, ko da aikin zai tafi. Tun jiya bai kula ni ba.

Roƙona ɗaya ne. Duk mai hanya ta wajen Tasawa, ya tambayar mini Dije ta gidan Maigandu. In tana raye, ya ce mata ƙarya ce, ba wanda ya taɓa zama itace.