Maganar Bakin Ƙofa a Babi na Huɗu

Har yau idan na bi hanyar Gwagwalada sai gabana ya faɗi, ko da biki zan je. A can na je kare kundin digirina na uku.

Bincikena a kan yadda Nijeriya ke zama da maƙwabtanta ne, musamman yadda ake sasantawa idan an samu saɓani. Ma'aikatar da nake aiki ta ba ni hutun karatu, na cinye, aka ƙara mini, shi ma ya zo ƙarshe. Oganmu ya faɗa mini ƙiri-ƙiri, ƙarshen wata in dawo teburina, da digiri ko babu. Ni kuwa na san kaina. In na koma cikin fayil-fayil, ga yara uku, ga cunkoson hanya safe da yamma, karatu ya sha ruwa ke nan.

Babi na huɗu shi ne ƙashin bayan aikin, kuma daga bakin mutum ɗaya ya fito. Tsohon jakada ne, aminin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa. Na je gidansa da na'urar naɗar murya, ya gyara zama ya yi ta zuba mini Turanci irin na takardar gwamnati: zumunci, 'yan'uwantaka, babban wa da ƙannensa. Ba abin da babu a jarida. Na kashe na'urar raina a ɓace, na yi masa sallama, ya ce bari ya taka mini. To, mun san halin manyanmu, zancen falo daban, na rakiya daban. Muna isa bakin ƙofa ya dafa motata ya koma Hausa. Ya ce a zamaninsu, sau da dama tun daga gida suke tafiya da takardar bayan taro a rubuce, tun ba a ji ta bakin maƙwabcin ba. Su kuma can sai su karɓe su da fara'a, a ci a sha, a sa hannu, a rako su filin jirgi, takarda ta shige durowa.

"Mu muna cewa mun yi sulhu," in ji shi, "su kuma suna cewa mun zo mun faɗi abin da muke so mun tafi."

Na ce, "Baba, in rubuta?"

"Rubuta mana, ai gaskiya ce. Sunana dai ki bar mini abina."

Ranar kare kundin aka ɗauke wuta tun kafin mu fara, ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi. Malamata da ta duba aikin, farfesa ce 'yar Filato, tana gefe, doka ta hana ta sa baki. Babban mai jarrabawa daga wata jami'a aka gayyato shi, dattijo ne mai sanyin murya, kuma sanyin nan nasa ya fi tsawa ban tsoro. Babi uku na farko muka wuce lafiya. Da muka zo na huɗu sai ya cire tabarau ya ajiye a kan kundin.

Ya ce babin ya burge shi, amma wane ne wannan tsohon jami'in da bai so a ambaci sunansa ba? Na ce na yi masa alkawari. Ya ce madalla, to ina muryar da na naɗa? Na ce lokacin na riga na kashe na'ura. A ina aka yi hirar? Na ce a bakin ƙofar gidansa, wajen rakiya. Wani matashin malami a cikin masu jarrabawar ya ƙyalƙyale da dariya. Wallahi da ba don inda nake ba da ya ji abin da bai taɓa ji ba, shi da bai taɓa zama gaban wani babba ya jira a buɗe masa ciki ba.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce shi bai ƙaryata ni ba, amma zargi ne a kan aikin ƙasa, ba za a sa shi a ɗakin karatu a kan "wani ya ce" ba. Ya ba ni mafita: mutumin ya yi magana da shi a waya, su biyu kaɗai, ya tabbatar, sunan ba zai fita daga ɗakin ba. In ba haka ba a cire babin, in sake gini, in dawo wata shekarar. Aka ba ni ɗan lokaci.

Malamata ta biyo ni baranda ta kama hannuna. "Kira shi, yarinya na. Kar ka tsaya kunya yanzu."

Na kira. Sai da muka gaisa tsaf, ya gida, ya yara, ya ƙarfin jiki, domin ba a faɗa wa babba da buƙata ko gidanka ke ci da wuta. Sannan na kwashe komai na faɗa masa.

"'Yata," ya ce, "ni kuwa ban tuna mun yi haka da ke ba. Abin da na faɗa ai kin naɗa."

Na ce, "Haba Baba! A jikin motata fa."

"Tsufa ne, sai haƙuri. Kin san kuma ɗana, yayanki, yana ma'aikatar da na bari har yanzu, ana maganar tura shi waje. Allah ya ba da sa'a. Ki gaida mutan gida."

Na ji haushi, haushin da ban taɓa ji ba, har idona ya rufe. Sunan yana kan harshena. Ina iya komawa in furta shi, in ce ga lambarsa, su kira ya musa da bakinsa. Amma mutumin nan shi ya tsaya a kan gawar mahaifina, shi ya ba da aurena. Na koma ciki na zauna, dattijon ya dube ni, na ce ba ni da shaidar da zan kawo. Malamata ta sunkuyar da kai. Aka rubuta hukunci, a cire babi na huɗu, a sake gabatarwa.

Na tattara kundina na fito. Ashe maigidana ya ɗauko mahaifiyata daga Karshi ba tare da na sani ba, suna ƙarƙashin bishiya da yaran, an sa musu kayan Salla, ga kulolin abinci a jere. Tana hango ni ta miƙe, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, mutanen da ke wucewa suka tsaya suna tafi. Na yi ta ɗaga mata hannu ta bari, ita kuwa ta ɗauka murna nake yi, ta ƙara wata.