Gyaɗa Ɗaya Ta Rage a Hannuna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, muna zaune gaban kwamfutoci a cibiyarmu ta unguwar Agoè, aka shigo aka ce mota ta buge babur ɗin da ya ɗauko malamarmu, Essivi Amegan, wadda muke kira Da Essivi, wato Yaya Essivi a yarensu. Ba ta kai asibiti ba.

Da Essivi, ni ce Nassira ta Sokodé. Ban iya rubutun manya ba, ki yi haƙuri. Ke kika same ni ina dakon kaya a kasuwar Assigamé, kika kawo ni ajin koyon haɗa shafin intanet. Da shugaban cibiya ya ce aji huɗu kaɗai na yi, kika ce masa kan da ya ɗauki buhun doya zai ɗauki wannan ma. Ya yarda, amma da sharaɗi: in na faɗi jarrabawar farko, kujerar ta wani ce.

Ba ki taɓa gyara wa kowa aiki da hannunki ba. Kwalbar gyaɗarki kike turo mana. Duk inda mutum ya buɗe baka a rubutunsa, wato alamar nan mai lanƙwasa da dole a rufe ta da 'yar'uwarta, ya ɗauki ƙwaya ɗaya. Inda ya rufe, ya ajiye. In ta rage a hannu, akwai abin da ya bari a buɗe. Ranar da Kodjovi ɗan ajinmu ya rantse nasa daidai ne, kika dubi bakinsa yana motsi kika ce, "Ɗan'uwa, kuskuren naka ka cinye?"

Aikin ƙarshe da kika ba mu, maɓalli ne da in an danna zai yi gaisuwa. Nawa ya ƙi. Sai jan rubutu da Turancin Ingilishi, wai kuskure a layin ƙarshe, alhali ba komai a layin. Kwana takwas ina kallonsa. Na ji tsoron tambayar sabon malami, kada ya gane ban san komai ba. Har mafarkin gammo nake yi.

Yau na ɗauko kwalbarki, tana nan inda kika bar ta. Na bi layi-layi. Ɗaya ta rage. Na sake, ɗaya ta rage. A na uku na ga bakan da na bari a buɗe can sama, layi na tara. Na rufe, na danna, gaisuwa ta fito. Na juya na ce, "Da, ya yi." Kujerarki ce kawai.

Gobe jarrabawa, kuma wani aikin za a kawo. Gyaɗar nan ban ci ba, don ke ce mai cewa a ci. Na ƙulle ta a bakin zanena, da ita zan shiga.

Allah da Ya halicce mu duka Ya ji ƙanki, Ya sanyaya makwancinki. Ya ba Fo Yaovi mijinki haƙuri, da mahaifiyarki a Kpalimé, Ya raya 'ya'yanki Sena da Elom. Amin.