Hular Kawu Lawal

Zariya zuwa Kankiya

Bayan sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokina Hadi, kowa rungume da kyamararsa. Kawu Lawal, yayan mahaifiyata, shi ya kira ni Katsina. Likita ya ce ganinsa na gab da tafiya, shi kuwa burinsa ya sake kallon ɗinkin hular da marigayiya matarsa, Inna Binta, ta yi masa, a ɗauki hoton ɗinkin a ƙara masa girma yadda idonsa zai kama.

Tun daga Funtuwa muke musu kan kyamarorinmu. Tawa tsohuwa ce mai nauyi, da hannu nake murza gilashinta. Ta Hadi ƙarama ce, ita ke yi wa kanta komai, shi ya sa ya ishe ni da cika baki. A shingen Malumfashi ɗan sanda ya lalubi jakar ƙafafun kyamara, ya ce, "Alhaji, wannan ba ta tashi dai ko?" Muka yi dariya. Soja sun daɗe da komawa bariki, amma shinge na nan daram. A Kankiya muka ci waina da miya.

Ƙofar Marusa

Da azahar muka iso. Kawu ya shafa fuskata kafin ya gane ni, abin ya sosa min rai.

"Ɗan nan, ya tahiya? Mi kuka kwaso haka kamar masu gyaran rediyo?"

Na yi masa bayani: idan aka matso da kyamara kusa sosai, zare ɗaya ke fita tas, sauran dishi-dishi. Dole a yi ta ɗauka ana matsawa kaɗan-kaɗan, sannan kwamfuta ta haɗa su wuri guda.

Muka kafa a zaure. Da babur ya wuce sai ƙasa ta girgiza, aikina ya lalace, na sake daga farko. Ta Hadi kuwa kafin ƙiftawar ido ta gama. Na ji haushi, amma na sallama.

Da aka haɗa, Hadi ya tsuke fuska. "Akwai datti, bari in goge."

Kawu ya manna idonsa a jikin kwamfutar, ya daɗe. Wani farin sili ne ya nannaɗe da koren zare, allura ta ɗinke su tare.

"Kada ka taɓa," in ji shi. "Furfurarta ce. Ashe tana nan bisa kaina ban sani ba."

Hadi ya janye hannunsa. Ni kuwa na fita waje, don kuka ya zo min.

Komawa

A Kambarawa muka kwana, gidan ƙanwata. Da safe muka wanko hoton babba muka kai masa, muka kamo hanya. Mun iso Zariya da la'asar lafiya, Alhamdu lillahi. Hadi, Allah ya saka da alheri.

Kafin azumi ganin Kawu ya tafi gaba ɗaya. An ce har yanzu idan baƙo ya shigo zauren, yakan ɗora yatsa a kan hoton, daidai wurin furfurar, ya ce, "Duba min nan."