Saki Ki Ji, Ɗiyata

Jiya na ji shuuu ɗin wata radiyo, ƙafata ta ɗau zafi kamar ranar da maciji ya sare ni a Alakos. Ran nan na rarumi radiyon motarmu na kira Gure, wurin tsohon da ke haɗa mu da talho, wato wayar tarho, don ya haɗa ni da likita.

"Alo Baba, ba ni lokotoro!"

Shiru. Ina ta ihu, ashe na danne maɓallin magana, ba yadda zan ji shi. Sai da yatsana ya gaji na saki.

"Yawwa, saki ki ji, ɗiyata," in ji shi, yana taunar goro. "Lokotoro na Damagaram na jiranki."

Lokotoro ya tambayi kamannin macijin. Ana kiran la'asar ya ce ba mai dafi ba ne.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba.