Sunan da Kaka Ta Hana Gwamnati

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata Hajiya Tabawa, amma har yau in an buga ƙofar gidanmu a Agege, nan Legas, da ƙarfi, sai in ji kamar za ta ce, "Wane marar tarbiyya ne?" Ta tafi soja na kan mulki, ba ta ga farar hula ba, ba ta ga wayar hannu ba. Ni kuwa na gani, kuma bakina cike yake da labarin da nake so in ba ta.

Babana mahauci ne, shi ne ɗanta na fari. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Kaka kuwa ta kai abin ƙarshe. Ko wani yaro mai irin sunan ya shigo gidan, "kai wannan" take ce masa.

Wata rana Baba ya miƙe a taron mahauta ya zazzaga wa masu kakin da ke tare motocin shanu a hanya masifa. Wani ya kai rahoto. Da rana tsaka sai ga mutum uku a gidanmu da baƙin tabarau, kowanne kamar ƙofar shago. A lokacin, wanda irinsu suka ɗauka ba a tambayar ranar dawowarsa. Abin da suka sani kawai, ana ce wa mai maganar Dogo. To, rabin mayanka Dogo ne! Sunan yanka suke nema. Baba kuwa yana ɗakin ciki yana sharar barci.

Babbansu ya yi tambaya da Turanci, ƙaraminsu, Bahaushe, yana fassara.

"Hajiya, yaya sunan ɗanki?"

"Yaron nan."

"Wane yaro?"

"Wancan dai."

Oga ya daka tsawa har kajinmu suka haura katanga. Ya ce za a saka ta a mota. Kaka ta yafa mayafi, ta ɗauki butarta da goronta, ta ce, "Mu je, ɗan nan. Amma gaba zan zauna, baya na sa ni amai." Sannan ta dubi mai fassarar. "Kai, uwarka tana kiran sunan yayanku?"

Wallahi sai da gumi ya wanke masa tabarau. Ya juya ya ce wa ogansa ko shekara za su yi, tsohuwar nan ba za ta faɗa ba. Suka fita neman wani bakin. Kafin la'asar Baba yana Ikorodu, inda ya zauna har maganar ta mutu.

Yanzu fa? Baba ya sayi wayar hannu, ko a cikin danfo, motar haya, sai ka ji yana ihu, "Ni ne! Ina Mile 12! Yanzu zan sauka!" Ana raɗe-raɗin gwamnati na sauraron waya. In haka ne, ba ta shan wahala, daga ofishinta na Obalende ma za ta ji shi. Ga maganar katin shaida, da hoto da dangwala yatsa. Ni ɗoki nake, har na zaɓi ɗankwali. Amma da Kaka na nan, sai ta tsare mai ɗaukar hoton ta tambaye shi wa zai gani, ina za a ajiye, kuma in mulki ya sake juyawa, hannun wa zai faɗa. Na san gwamnati na bukatar sanin mutanenta. Ban dai ji wanda ya amsa tambayoyin nan ba tukuna.

Na taɓa tsokanarta, na ce, "Tsohuwa, kunya ce ko dabara?" Ta jefe ni da ɓawon goro.

Allah Ya jiƙanta. Ba ta bar mana gida ko gona ba. Ta bar mana Baba, ga shi can yana munshari a ɗakinsa, ba wanda ya taɓa shi.